Motar Asibiti Da Ƙananan Yara: Yaushe Za A Kira, Yaushe Za A Ɗauki Yaro A Tafi Kawai

Maganar gaskiya a yawancin garuruwanmu in yaro ya rikice cikin dare ba motar asibiti ce ke fara faɗo wa mutum a rai ba, ƙofar maƙwabci mai mota ake bugawa ko a fita titi a tare adaidaita sahu, wasu ma da sun ji an ce ambulan sai gabansu ya faɗi don sun fi saba ganinta ɗauke da gawa. Wasu kuma suna da lambar a waya amma ba su san wane irin ciwo ne ya kai a kira ba, ko su kira kan mura, ko kuma su zauna zaman jiran mota yaro yana ta fama alhali asibiti na nan kusa da su. Jariri ba kamar babba ba ne, jikinsa ba ya jure jira, yaron da kika ga yana wasa da la'asar zai iya shiga mawuyacin hali kafin isha'i. Shi ya sa nake so mu bi abin daki-daki, tun daga abin da za a tanada tun ana lafiya har zuwa shiga ɗakin gaggawa.

Mataki na farko: shirin da ake yi tun yaro yana lafiya

Ku ajiye lambobi a wayar uwa da ta uba, a kuma rubuta a takarda a manna a bango don waya na iya mutuwa ba caji. A Najeriya lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce ko ba kati a waya, sai 122 ta jami'an kiyaye haɗurra in abin hatsarin mota ne. A Nijar akwai 15 ta SAMU, wato masu motar asibiti, da 18 ta 'yan kwana-kwana, a Ghana 112 ko 193. Ma'aikatar lafiya ta tarayyar Najeriya ta ƙaddamar da shirin NEMSAS a 2022 don ɗaukar marasa lafiya na gaggawa da kula da su kyauta a awa 48 na farko a asibitocin da ke cikin shirin, amma yadda yake tafiya ya bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka ranar da kika kai yaro rigakafi ki tambayi ma'aikatan wurin, wace lamba ce ke aiki a nan garin, kuma in an kira motar daga ina take tasowa. Wannan tambayar ta minti biyu ce amma tana da amfani sosai.

Bayan lambar hukuma a samu mutum biyu masu abin hawa da aka yi magana da su tun da rana tsaka, an ce musu in Allah ya kawo lalura cikin dare za mu buga muku. Mai adaidaita na layinku, direban tasha, ko ƙungiyar 'yan agaji ta unguwa in suna da mota. A wasu jihohin arewa direbobin ƙungiyar NURTW sun daɗe suna aikin kai mata masu naƙuda asibiti, irin waɗannan direbobin sun san hanya sun san ƙofar da ake shiga, in akwai ɗaya a garinku ku riƙe lambarsa.

Sannan ku san asibitin da ke da ɗakin gaggawa na yara wanda ake kira EPU, ba kowane asibiti ba ne ke da oksijin da jini da likitan yara cikin dare. Mutumin Kano ya san akwai asibitin koyarwa na Aminu Kano da asibitin Murtala da asibitin yara na Hasiya Bayero, Zariya akwai Shika, Sakkwato akwai asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo, Katsina akwai na Turai Yar'adua da asibitin koyarwa na tarayya. Kowa ya nemi na kusa da shi ya san hanyar.

Abin da ya fi duka muhimmanci a wannan matakin magana ce tsakanin mata da miji. Malam, don Allah ka ba iyalinka izini tun yau, ka ce mata in yaro ya shiga irin halin da za a lissafa a ƙasa ki fita da shi ko ina gari ko ba na gari, ko wayata ta shiga ko ba ta shiga ba, ka kuma bar wani ɗan kuɗi a gida wanda ba a taɓawa sai don wannan. Yara da yawa ba rashin mota ne ke jinkirta su ba, a cikin gida ake ɓata awa uku ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa, ko ana jiran Hajiya ta zo ta duba ta ce a tafi. Katin rigakafi, katin asibiti, tocila da zani mai kauri su zauna a jaka ɗaya.

Mataki na biyu: gane alamun da ba a jira da su

Ki fara da numfashi domin shi ne ya fi saurin kashe yaro kuma shi ne inda motar asibiti mai oksijin ta fi amfani. Ɗaga rigar ki kalli ƙirjin da idonki. In ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko hancinsa yana buɗewa yana rufewa, ko yana wani gurnani ko nishi a ƙarshen kowane numfashi, ko wata ƙara mai kaifi tana fita daga maƙogwaro alhali yana kwance shiru ba kuka yake ba, wannan gaggawa ce. Leɓe da harshe in suka koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka, ko jariri yana ɗauke numfashi yana dawowa, babu sauran shawara. Ana iya ƙirga numfashin ma, a duba agogon waya minti ɗaya cif yaro yana natse: jaririn da bai kai wata 2 ba in ya kai 60 ko fiye ya yi sauri, daga wata 2 zuwa shekara 1 in ya kai 50, daga shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40. Saurin numfashi kaɗai a yaron da ya wuce wata 2 yana nufin a kai shi asibiti yau ɗin nan don yana iya zama nimoniya, in ya haɗu da lotsawar ƙirji ko kasa shan nono kuwa yanzu-yanzu ne.

Sai hayyaci. Yaron da ake tashinsa ba ya tashi, ko ya buɗe ido amma ba ya bin ki da kallo, jikinsa ya saki laƙwas, ko ya daina gane uwarsa. Iyaye sukan ce ai bacci yake ya samu sauƙi a bar shi ya huta, to a gwada tashinsa tukuna, baccin lafiya in an taɓa yaro zai motsa ya yi ƙorafi.

Jijjiga kuma, ko wace iri ce. In karon farko ne, ko ta wuce minti 5, ko ta tsaya ta sake dawowa, ko ta tsaya amma yaro bai farfaɗo ba, a nemi mota. Gaskiya ne akwai jijjigar da zafin zazzaɓi kawai ke kawowa ga yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 kuma yawanci ba ta barin illa, amma a ƙasarmu da maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa take, ga sanƙarau lokacin zafi, ba a gida ake yanke hukuncin wace iri ce ba. A jarirai sabbin haihuwa jijjigar ma ba lallai ta zo da girgizar jiki duka ba, wani lokacin ƙifta ido ne ba ƙaƙƙautawa, ko taune-taunen baki, ko hannu ɗaya yana fizga.

Akwai alamu guda biyu da hukumar lafiya ta duniya ta sa cikin manyan alamun haɗari amma mu mun raina su: yaro ya kasa kama nono ko shan komai, da yaro yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa. In zawo ne a duba ido ko ya faɗa, maɗiga ko ta lotsa, a ɗan ja fatar ciki a saki a ga ko tana komawa da sauri ko tana tsayawa, a tuna yaushe rabon da ya yi fitsari. Don Allah a daina cewa haƙori ne. Fitar haƙori ba ta sa yaro ya bushe har ido ya zurma. Maɗigar da ta kumbura ta yi tauri tare da zazzaɓi, ko wuya ya sanƙare, ita ma alama ce ta sanƙarau. Tafin hannu da cikin fatar ido in suka yi fari fat, jini ne ya yi ƙasa, kuma damina ta fi kawo wannan saboda maleriya.

Jaririn da bai kai wata 3 ba dokarsa daban ce. Zafin jiki 38 ko fiye a ma'auni, ko akasin haka jiki ya yi sanyi ƙalau ƙasa da 35.5, ya rage shan nono, cibiya ta yi ja tana ruwa ko wari, shawara ta bayyana a ranar farko ta haihuwa ko rawayar ta sauko har tafin hannu da tafin ƙafa, jini ya ƙi tsayawa bayan kaciya ko cire beli ko yanke cibiya, duk waɗannan ba a kwana da su. Ba a jira a yi suna, ba a jira a yi arba'in. Yaro mai sikila ma duk zazzaɓi a wurinsa na gaggawa ne.

Ragowar su ne haɗurran gida: ƙwarewa da abinci ko wani abu ya maƙale a maƙogwaro, faɗawa ruwa ko da bokiti ne, ƙuna, shan kalanzir ko fiya-fiya ko maganin manya, haɗiye ƙaramin batir mai kama da maɓalli, faɗowa daga sama sannan amai ya biyo baya ko suma ko ruwa ya fito ta kunne, saran maciji, hayaƙin janareta ko gawayi a ɗaki rufe, da kumburin fuska da leɓe bayan shan magani ko harbin zuma.

Mataki na uku: kiran da kansa

A raba aiki nan take. Mutum ɗaya yana kan yaro, ɗaya yana kiran 112 ko lambar motar asibitin da kuka ajiye, ɗaya kuma ya tafi tada mai abin hawa. Kada a ce bari mu ga ko za su ɗauka tukuna, duka a lokaci guda ake yi. In ke kaɗai ce ki sa wayar a sifika ki ajiye a ƙasa hannunki na kan yaro, ki ɗaga murya ki kira maƙwabta, babu kunya a nan.

Da an ɗauka a fara da wuri kafin komai saboda layi na iya yankewa. Jiha, gari, unguwa, sannan alamar da baƙo zai gane, misali bayan masallacin Juma'a, layin da ke kallon gidan mai, kusa da transfoma. Sai shekarun yaro da abin da ake gani a gajarce: yarinya ce 'yar wata takwas, numfashinta na sama-sama, leɓenta ya canza kala, ba ta amsawa. Ba lokacin ba da labarin yadda ciwon ya faro tun ranar Talata ba ne. Sai ku yi musu tambaya uku, minti nawa za ku iso, akwai oksijin a motar, akwai ma'aikacin lafiya a ciki ko direba ne kawai. Wannan tambayar ba rashin kunya ba ce domin motoci da yawa da aka rubuta wa ambulan gado ne kawai a ciki da jiniya a sama. Kada ku kashe wayar sai sun ce a kashe, kada kuma a shiga kiran dangi da layin da aka ba su. A tura saurayi ɗaya bakin titi da tocila ya tsaya ya jawo su, lungunanmu ko ɗan gari yakan ɓata balle direban da bai taɓa shigowa ba.

Mataki na huɗu: a jira ko a tafi

Nan ne mutane suka fi rikicewa, kuma lissafin ba shi da wuya. In lokacin da motar za ta ɗauka kafin ta iso ya fi lokacin da ku za ku ɗauka ku isa asibiti da abin hawan da ke hannu, ku tafi. In ba a ɗauki waya ba bayan kira biyu, ku tafi. In suka ce ba mai ko direba ba ya kusa, ku tafi. Ni a ganina a yawancin unguwanni da ƙauyukanmu amsar za ta zama a tafi ɗin ne, kuma ba laifi ba ne, laifin shi ne a zauna a tsakar gida ana kallon ƙofa. Ga mutanen ƙauye masu nisa akwai hanya ta tsakiya, ku taso su ma su taso a haɗu a wani wuri sananne a kan kwalta, ana magana ta waya.

Inda ya fi kyau a jira motar in dai tana tafe kuma ta kusa: yaron da mota ta buge ko ya faɗo daga bene ana zargin wuya ko baya ya taɓu, da yaron da yake ƙaramin asibiti an riga an sa masa oksijin. Wanda ake zargin wuyansa in dole sai an ɗauke shi, a shimfiɗa shi a kan abu mai tauri kamar faifan katako, mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu kada ya juya.

Mataki na biyar: abin da hannu zai yi kafin taimako ya zo

In jijjiga ce a kwantar da yaro a ƙasa ta gefensa, a kawar da abin da zai buge shi, a sassauta kaya, a duba agogo. Kada a cusa cokali ko yatsa a baki, ba zai haɗiye harshensa ba, cokalin ne ma ke karya haƙori yana yaga baki. Kada a ɗura ruwa ko manja ko rubutu ko jiƙo, wanda ba ya cikin hayyacinsa duk abin da aka zuba masa huhu yake tafiya. Kada a kara ƙafarsa a wuta, kada a matsa albasa a ido, kada a turara hayaƙi a hancin yaron da dama numfashi yake nema. Addu'a kuwa a yi ta, bakin uwa na addu'a ƙafarta na tafiya, ɗaya ba ya hana ɗaya.

In abu ne ya maƙale kuma yaro yana tari da ƙarfi a bar shi ya yi tarin. In ya kasa tari ya kasa kuka, jariri ɗan ƙasa da shekara a kifa shi a kan hannu ko cinya kansa ya ɗan yi ƙasa, a tallafe haɓarsa, a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5, in bai fita ba a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5, a yi ta maimaitawa. Wanda ya wuce shekara bayan bugun baya 5 sai a zagayo ta bayansa a matsa saman cibiya ciki da sama sau 5. Ba a zura yatsa ana lalube a maƙogwaro, tura abin ake ƙara yi, sai in ana ganinsa ƙuru-ƙuru a baki.

In yaro ba ya amsawa kuma ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗan ɗaga haɓa, jariri ki rufe bakinsa da hancinsa da bakinki ki hura a hankali har ki ga ƙirji ya ɗago, sau 5. Sai danna tsakiyar ƙirji sau 30 da sauri, kamar biyu a kowace daƙiƙa, zurfin ya kai kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin, yatsu biyu ga jariri, gindin tafin hannu ɗaya ga wanda ya wuce shekara, sannan hura biyu, a koma 30. Haka za a ci gaba har a cikin mota. Wanda aka ciro daga ruwa ma haka ake masa, kada a ɓata lokaci ana juya shi ana matsa ciki wai ruwa ya fito. Karanta wannan a waya ba zai kai a gani da ido ba, duk wanda ya samu dama ya je wurin Red Cross ko ya roƙi wata nas ta nuna masa da 'yar tsana.

Ƙuna, musamman lokacin hunturu da ruwan wankan jego da kaskon suya suke tsakar gida yara na rarrafe, ruwa mai sanyi na famfo ko randa za a yi ta kwararawa a wurin har minti 20, ba ƙanƙara ba, sauran jikin kuma a lulluɓe kada sanyi ya kama shi. A cire kaya in ba su manne ba, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja, ban da tawada, ban da toka.

Kalanzir ko fetur, wanda yawanci a gorar lemo ake ajiyewa shi ya sa yara ke sha, kada a sa yaro amai kuma kada a ba shi manja ko madara don ya amayar, lokacin aman ne yake shiga huhu. Fiya-fiya da sauran maganin ƙwari in ya zuba a jiki a tuɓe kayan a wanke fatar da sabulu. A ɗauki kwalbar ko kwalin abin da ya sha a tafi da shi. Saran maciji ba a tsagawa ba a tsotsa ba a ɗaure tamau, a hana gaɓar motsi a ɗauki yaron kada ya taka.

Mai zawo in yana iya sha a ci gaba da ba shi nono da ruwan gishiri da suga na ORS a hanya, ƙulli ɗaya a lita ɗaya, wato ruwan leda na fiya wata guda biyu, kaɗan-kaɗan da cokali.

Mataki na shida: a cikin mota

Ko ambulan ce ko adaidaita, mai riƙe da yaro ya zauna inda zai riƙa ganin fuskarsa, da tocilar waya in dare ne. Yaron da ba ya cikin hayyacinsa ba a goya shi a baya a rufe da mayafi, za a iya isa asibiti ba a san lokacin da numfashi ya tsaya ba. A riƙe shi ta gefe, kai ba a lanƙwashe kan ƙirji ba. In babur ne kaɗai ake da shi to mutum na biyu ya zauna a baya ya rungume yaron a gaba tsakaninsa da direba. Mai wahalar numfashi da yake a farke a bar shi a zaune a cinyar uwa yadda ya fi jin daɗi, kada a tilasta masa kwanciya. Sabon jariri, musamman bakwaini, a sa shi a ƙirjin uwa fata da fata, hula a kai, a lulluɓe su tare, sanyin hanya kaɗai yana iya illata shi. Direba kuma a ce masa ya yi sauri da hankali.

A motar asibiti yawanci mutum ɗaya ko biyu za a bari su shiga, uwa ta shiga da wanda zai iya yanke shawara ya sa hannu, sauran su biyo baya. Kuma cikin masu biyowa a samu maza biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini, don in maleriya ta shanye jinin yaro abin da za a fara nema ke nan, kuma neman mai ba da jini ƙarfe biyun dare ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

In daga ƙaramin asibiti aka tura ku babba

Wannan shi ne wurin da motar asibiti ta fi kowace mota, kuma nan ne iyaye suka fi yin kuskure don ganin kuɗin mai ya yi yawa sai su cire yaro daga oksijin su sa shi a tasi. Yaron da oksijin ke riƙe da shi tafiyar rabin awa ba tare da shi ba tana iya zama ajalinsa. Kafin ku tashi ku tabbatar an ba ku takardar turawa mai ɗauke da abin da aka gani da maganin da aka yi da lokacin da aka yi shi. Ku roƙa a ba shi allurar farko kafin tafiya, ta maleriya mai tsanani ko ta kashe ƙwayoyin cuta, a wasu ƙananan asibitocin akwai maganin artesunate da ake sawa ta dubura ga yara 'yan ƙasa da shekara 6 don ya riƙe su a hanya, amma ba ya maye gurbin zuwa babban asibitin ko da an ga yaro ya ɗan warware. A duba sugan jininsa in akwai abin gwaji. Ku tambaya ko tukunyar oksijin ɗin cike take kuma za ta kai, ko akwai abin sawa a hanci daidai yaro, ko nas za ta raka ku. Sannan a buga waya can a ji akwai gado, akwai kwalba in bakwaini ne, ba a yajin aiki, domin yawo da yaro daga wannan asibiti zuwa wancan ana cewa ba gado yana cinye lokacin da aka yi ta ƙoƙarin tserarwa.

Lokacin da bai kamata a kira ba

Mura da tari ga yaron da ke cin abinci yana wasa, zazzaɓi ga wanda ya wuce wata 3 yana shan nono yana kallon mutane, zawo ba alamar bushewa, ƙuraje, ciwon kunne, ɗan ƙulu a goshi bayan ya faɗi ya yi kuka nan take ya koma wasansa. Waɗannan asibiti za a je da ƙafa ko adaidaita, zazzaɓi a yi gwajin maleriya a ranar kafin a sha magani, ba a tsaya kemis a haɗo kala biyar ba. Motocin ba su da yawa, wadda aka kira kan mura wataƙila ita ce wani yaro mai jijjiga yake jira a wata unguwa. A kuma hana yara wasa da 112, kiran banza yana toshe layi. Amma in kina kokwanto, jikinki ya ba ki cewa yaron nan ba daidai yake ba ko da ba ki iya faɗin me ya canza, ki kira ko ki tafi, uwa takan riga kowa ganewa kuma ba ma'aikacin kirki da zai ga laifinki.

Da an isa asibiti

Kada a tsaya layin yankar kati da yaro a hannu. A wuce kai tsaye ɗakin gaggawa na yara a ce wa nas ta farko da aka gani, Sista yaron nan ba ya numfashi sosai, ko yana jijjiga, wani daga baya ya je ya yanki katin. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 a sashe na 20 ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin duba mai lalurar gaggawa bisa kowane dalili, a faɗi haka cikin ladabi in an ga ana jan ƙafa kan kuɗi. Likita zai tambayi abin da aka ba yaro a gida, a faɗa masa duka, sirof ɗin kemis, allurar da wani ya yi masa, jiƙo, tsimi, maganin da aka raba na rigakafin maleriya na damina, har da awa nawa da ba shi. Ɓoyewa don tsoron faɗa yana sa a maimaita maganin da ya riga ya sha ko a kasa gano abin da ya sa shi suma. In an sallame ku kuma, kafin ku fita ku tambayi alamun da in kun gani za ku dawo cikin dare ba sai ranar da aka rubuta a kati ba, ku kuma karɓi lambar ɗakin in suna bayarwa ku ƙara ta a takardar nan ta bango.